Juma'ar da Gurbi Ya Yi Fari

Tifofi sun cinye kogin garinmu. Tun gari bai gama wayewa ba nake jin gurnaninsu daga nan zaure, su gangara wayam su hauro da yashi, ana kai wa masu gini a birni. Kwanakin baya na sa aka goya ni a babur don in gani da idona, da muka tsaya a bakin gaɓa sai na kasa gane wurin. Ramuka ne birjik kamar an fara haƙa kaburbura an fasa, ledoji sun maƙale a jikin ƙaya, wasu magidanta biyu suna jan gidan sauro a ɗan ruwan da ya kwanta, suna tsintar kifayen da ba su kai ɗan yatsa ba. Dutsen da Baffa yake tsayawa a kai ma an farfasa shi an sayar da tsakuwarsa. Mai babur ya tambaye ni ko da gaske ne an taɓa kama kifi mai tsawon kamu guda a nan. Na ce da gaske ne, ya mai da ni gida. Akwai sauran magana, amma ba ta kan babur ba ce.

A zamanin da nake faɗa, ƙasarmu ba ta da daji. Gona na jikin gona, gida na hango gida, in ka yi atishawa a kunyarka maƙwabcinka ne zai yi maka addu'a daga tasa. Abin da kawai ba na kowa ba shi ne kogi. Da rani yashi ne fari fat, mata su tona kamu ɗaya su sami ruwa mai sanyi, su jira ya kwanta su kwasa da ƙoƙo. In damina ta kankama kuwa, wata rana kana tsakiyar noma sai ka jiyo wani ruri daga yamma, kowa ya miƙe ya dogara fartanya, a ce kogi ya kawo. Bayan kwana biyu ruwa ya lafa, jan ya fara washewa, sai kifi ya soma hawowa daga gabas, daga manyan ruwayen da yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Kawara ce kan gaba, tana walƙiya kamar an watsa sulalla, sai karfasa, sai tsage mai haƙora kamar ƙayar aduwa. In ruwa ya janye da kaka, wanda ya makara sai ya tare a gurbi, wato wani wuri mai zurfi a gindin dutse, inda kanya da ɓaure suka yi masa rumfa. Tsofaffi sun ce ba a taɓa ganin ƙasansa ba.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, a gandunsa na tashi, shi ya yi mini aure. Manomi ne kamar kowa, ba mu gaji kamun kifi ba, amma Allah Ya sa masa son fatsa, kuma fatsarsa ba irin ta mutane ba ce. Sandarsa gora ce da ya zo da ita daga kudu wani cin rani, tsawonta ya fi mutum biyu, ba ta ɗaguwa da hannu ɗaya. Yana shafe ta da man gyaɗa ya rataye a ƙarƙashin rumbu, kuma ko matarsa ba ta isa ta kauda ta ba. Zarensa shi yake murzawa a cinya, ya ƙarasa bakin da gashin wutsiyar doki don kada kifi ya gani. Ba ya haƙa tana, ba ya kama fara. Zama yake yi a inuwa da totuwar kara da gashin zabuwa da jan zare, ya ɗaura su a jikin ƙugiya har su zama fara sak, da fukafukanta da ƙafafunta. In lokacin shinge ne, wato garar nan mai fukafuki, ya ɗaura irinsa. Mutane suna yi masa dariya, suna cewa kifi ba mahaukaci ba ne da zai ci gashin zabuwa. Shi kuwa cewa yake yi, kifi da mutum duk ido ne yake kashe su.

Na fi tuna yadda yake jifa. Ya shiga ruwa iya gwiwa, ko ya hau dutsen nan, hannun hagu a gindin gora, na dama a sama. Bayansa duk itatuwa ne, ba damar ya wurga zare baya, don haka sai ya ɗago shi a hankali ya kwantar a gabansa, ya juya gorar kamar mai tuƙa tuwon biki, zaren ya lanƙwashe a kan ruwa, sannan ya tura gaba. Sai ka ji fyuu, zaren ya warware kansa har tsallake, farar nan ta sauka ba ko motsi. Ya bar ruwa ya ja ta, tana ratsowa a hankali har ta dawo gaɓarmu. In ba komai, ya yi taku ɗaya gaba ya sake. Haka zai yi ta yi, taku ɗaya jifa ɗaya, bakinsa na motsi da salati. In kawara ta taso sai ka ga ruwa ya yi ɓul, gora ta rusuna kamar mai gaisuwa. In tsage ne kuwa tsalle yake yi sama, yana girgiza kai, Baffa na bin sa da gudu a gefen gaɓa yana dariya kamar ba dattijo ba.

Ya koya mini, na kuma iya daidai gwargwado, sai dai ni mai gaggawa ne, ina fizgewa kafin kifi ya rufe baki. Yana da dokokinsa da ba na so. In ya kama uku ya naɗe zare, ko da rana ba ta karya ba. In ya taɓa ciki ya ji ƙwai, ya zare ƙugiya ya sake ta. In na yi gunaguni sai ya ce, "Ɗan nan, wanda ya ci iri ya ci baɗi." Yanzu ana kawo kifi a kwali, daskararre, daga ƙasashen da ba mu san sunansu ba, ana kiwon tarwaɗa a tankin roba a bayan gida, ba wanda ya damu da wace ce mai ƙwai. A lokacin ma ni ban damu ba.

Sai shekarun nan na fari suka zo. Ta farko ruwa ya ɗauke gero na ɗaukar ciki, muka girbe kara. Ta biyu sau uku muna shuka, sau uku rana na ƙonewa. 'Yar gyaɗar da ta tsira ƙwarin darɓa suka hau ta, ganye ya nannaɗe ya yi baƙi. Kogi bai kawo ba ko sau ɗaya. Wanda bai ga wannan ba ba zai gane abin da ake nufi da shiru ba. Garin da kake farkawa da luguden mata, turmi na amsa wa turmi daga gida zuwa gida, sai ya zama ba ka jin ko ɗaya. Jaki ya daina kuka, zakara ya ƙare a tukunya. Mata suna fita da ƙwarya su dawo da tafasa da yaɗiya da ganyen aduwa, a dafa da ɗan gishiri in akwai. An tona gidan tururuwa an kwashe abin da ta tara. An ci dusa, daga baya dusar ma ta zama abin marmari. Maza da yawa sun tafi neman abinci ba su aiko ba, wasu har yau.

Gurbi kaɗai ya rage, shi ma yana ja baya kullum, yana barin zoben taɓo a jikin dutse. Dattawan gari suka zauna suka yanke cewa ba su, ba koma, ba taru, fatsa kawai, domin a nan 'yan dabbobin da suka rage suke sha. Kowa ya sassaƙa sanda ya je, amma ba tana a busasshiyar ƙasa, kifin kuma ya yi wayo. Baffa kaɗai yake kamawa, shi ma sai ya wuni a rana kafin ya sami biyu ko uku. Ɗaya yake kawowa gida, mu goma sha ɗaya, a tafasa a sha romo. Sauran ya aika gidan da ake da mai jego ko mara lafiya.

A cikin wannan hali matata ta haihu, mace, 'yar fari. Kun san al'adarmu a kan ɗan fari: ba ka ɗauka a gaban mutane, ba ka faɗin suna, in an ce ga 'yarka sai ka kau da kai. To ni kau da kan nake yi, amma kunnena yana ɗakin. Da farko kukanta yana cika gida. Da ta yi wata uku sai ya koma kamar na ɗan mage. Wata rana na shiga na tarar uwar tana matsa nono da hannu biyu, ba abin da yake fita.

Na sami Baffa a ƙarƙashin rumbu yana ɗaura ƙugiya. Na durƙusa na ce, "Baffa, kifi na nan a gurbi jingim, ina ganin bayansu. Mu roƙi dattawa a yi su sau ɗaya, kowa ya ƙoshi."

Bai ɗago ba. Ya ce, "A ƙoshi kwana nawa?"

Na ce, "Ko kwana uku ne."

"Ranar ta huɗu fa?"

Na ce, "Baffa, yarinyar nan ba za ta kai ta huɗun ba."

Ya ajiye ƙugiyar ya dube ni. Ya ce, "Daga yau rabona na romo a kai wa mai jego. Na kuma ƙara ɗaya a kan ukun, Allah Ya yafe mini. Amma gurbin nan rumbun gari ne. Rumbu da ƙoƙo ake ɗiba, ba a fasa gindinsa."

Na tashi ina jin haushinsa kamar in mutu. A ganina a lokacin, ya fi tausayin kifi a kan jininsa.

Ina da aboki, tare aka yi mana kaciya, shi ma 'ya'yansa biyu sun kwanta. Shi ya nuna mini gwangwanin maganin feshi da aka raba don darɓa, wanda ya iso bayan gyaɗa ta riga ta mutu. Ya ce a wajen cin rani ya ga ana zuba irinsa a ruwa, kifi ya taso da kansa. Na ce ba ya cutar da mutum? Ya ce, "A cire hanji a wanke, shi ke nan. Mutumina, yunwa ce dai ba a wanke ta." Ba zan ɗora masa ba. Shi ya kawo gwangwani, amma ni na ce mu bari sai Juma'a.

A lokacin ba a Juma'a a ƙauyenmu, sai an taka zuwa Bagwai. Duk wani namiji mai sauran ƙarfi ya kama hanya tun hantsi, Baffa a gaba yana dogara sanda. Ni na ce cikina ke ciwo. Da rana ta take tsaka muka gangara mu biyu. Na hau dutsen Baffa, na huda gwangwanin da wuƙa, na tuntsurar. Maganin kamar mai yake, amma yana taɓa ruwa ya koma fari kamar an zuba nono, ya rinƙa yaɗuwa a hankali. Muka zauna. Ba a daɗe ba ƙananan suka fara tasowa suna juyi a wuri ɗaya, suna buɗe baki. Sai kawara, sai karfasa. Sai ga tsage, manya waɗanda ban san akwai irinsu a ciki ba, suna dukan ruwa da wutsiya, suna kifewa. Har tarwaɗar da take cikin taɓo ta fito tana neman hawa gaɓa. Kafin a sauko daga masallaci gurbin nan ya rufe da fararen cikkuna, ba ka ganin ruwa. Kwaɗi ma sun mutu. Abokina yana ta murna yana kwasa, ni kuwa ina kan dutsen ina kallo.

Labari ya kai gari, mata suka ɓarke da ƙore da kwanduna. Ba wanda ya tambayi dalili. Wata tsohuwa tana kuka tana cewa Allah ne Ya dubi bayinSa. Da la'asar masu Juma'a suka dawo suka tarar hayaƙi na tashi a kowane gida, abin da aka yi watanni ba a gani ba. Baffa bai shiga gida ba, ya zarce gurbi. Ina daga nesa ina kallonsa. Ya tsuguna ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya sansana, ya ɗauki wata kawara ya latsa cikinta, ƙwai ya fito. Ya ajiye ta a hankali. Ya dawo yana bin gida gida yana cewa, "Jama'a, kada ku ci, an sa wa ruwan nan magani." Wa zai ji? Wani ya ce masa, "Malam, in mutuwa ce gara ta same mu da ƙoshi." A gidanmu ya hana, aka bar shi ya fita, aka ɗora tukunya. Ni da hannuna na zaɓi tsage mafi girma, na cire hanji, na wanke sau uku, na kai wa matata. Ta ci har ta yi gumi. Washegari nono ya kawo, na ji yarinyar tana haɗiya, na fita bayan gida na yi hamdala.

Kwana biyu aka yi ana ci ana banda. A na uku aka fara amai da gudawa. Wasu jiri ya kwashe su, wasu hannuwansu na karkarwa. Awakin da suka sha a gurbi suka kumbura suka mutu, har da shanu biyu na wani Bafulatani da ya taho da su daga nesa, su kaɗai suka rage masa. Manya dai yawanci sun tashi. Tsohuwar nan mai kuka ba ta tashi ba, da ƙaramin ɗan abokina. Yarinyarmu kuwa ranar ta huɗu da hantsi jikinta ya fara fizga, ta sandare, ta saki, ta sake sandarewa. Kafin azahar, rai ya yi halinsa. Baffa ne ya ɗauke ta a hannu zuwa maƙabarta, ina biye a baya cikin mutane kamar ɗan rakiya, don 'yar fari ce, ba a son a ga hawayen uba. Mutane suka ce yunwa ce, dama ta daɗe tana jan jiki. Mai yiwuwa yunwar ce. Na shekara fiye da hamsin ina auna wannan magana, ban sami wanda zai raba mini ba.

An yi bincike a gari, ba a gano kowa ba. Abokina ya kwashe iyalinsa ya yi kudu, ban sake ganinsa ba. Bayan addu'ar bakwai Baffa ya sauko da gorarsa ya ce in biyo shi. Muka je gurbi. Ruwan ya yi kore, yana wari, ƙudaje sun rufe gaɓa. Ya miƙo mini gorar ya ce, "Hau dutsen. Jefa."

Na ce, "Baffa, ai ba komai a ciki."

Ya ce, "Jefa."

Na jefa. Farar ta sauka ta tsaya cik, ba igiyar ruwa da za ta ja ta. Na ɗago na sake. Ya zauna a gindin kanya ya zuba mini ido. In na tsaya sai ya ce, "Ci gaba." Tun hantsi nake jifa har rana ta karya, kafaɗuna suka mutu, tafin hannuna ya fashe, ina jifa ina kuka, kukan da ban yi a maƙabarta ba. Da la'asar ta yi ya taso ya karɓi gorar, ya naɗe zaren a tsanake. Ya ce, "Ba zan faɗa wa kowa ba, don in na faɗa ba za ka kwana a garin nan ba, ga kuma yarinyar mutane a ɗakinka. Tsakaninka da Allah kuwa ba ni da iko. Mu je mu yi salla." Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma canza mini fuska ba. Na sha cewa da ma dukana ya yi.

Watannin da suka biyo baya su ne yunwar gaske, don yanzu ko romon babu. Baffa ya rinƙa tura ƙwaryarsa gaban yara yana cewa ya ci a waje. Ƙafafunsa suka kumbura, in ka danna yatsa sai ramin ya zauna. Ya rasu saura kwana kaɗan ruwan farko ya sauka. Shekarar kogi ya kawo har ya haura gaɓa, aka yi gero kamar ba a taɓa yunwa ba. Na ɗauki gorar na je sau ɗaya, na tsaya a bakin ruwa, na dawo ban warware zare ba. Gara ce ta cinye ta a ƙarƙashin rumbu.

Matata ta haifa mini takwas bayan wannan, shida suka rayu. Mun yi zaman lafiya, ban taɓa jin ta ambaci waccan shekara ba. Da ciwon ajalinta ya kama ta, wata rana da hantsi an fito da ita inuwa tana shan iska, 'ya'ya duk sun fita, na zauna a bakin tabarmarta. Na ce, "Ke, akwai abin da na ɓoye miki tun muna yara, ina so ki yafe mini kafin ɗayanmu ya tafi." Na faɗa mata duka, tun daga gwangwani har dutse.

Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "Malam, ai na sani."

Na ce, "Wa ya faɗa miki? Baffa?"

Ta ce, "Ba wanda ya faɗa mini. Ranar da ka miƙo mini kifin nan, hannunka warin maganin yake yi. Na ji, na kuma ji abin da Baffa yake faɗa a tsakar gida. Na dubi yarinyar, na dubi ƙwaryar, na ci." Ta numfasa, ta gyara kanta a kan matashi. "Duk shekarun nan ina ganinka kana ɗauke da shi kai kaɗai, na kasa ce maka ka sauke mini rabona. Kunya ta hana ni."

Na matso kusa da ita. Can ta kira sunan yarinyar, sunan da ni da ita ba mu taɓa furtawa ba tun ranar suna, ta ce in maimaita. Na maimaita.